Shuɗin Duro

Yaya kowa ke ce mata, har maigadi da mai kawo gas. Shekara ashirin da biyu ta yi tana ɗinkin labule a wani shago, sai da idonta ya daina ganin kafar allura. Mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, gidan da suke ciki kuma na 'yan'uwansa ne. Sai ƙaninta, wanda ta goya a bayanta ta kuma raka makaranta, ya ce ta dawo wajensa. Dangi suka yi ta sa masa albarka kamar ya gina masallaci. Ya ba ta ɗaki a bayan falo, mai taga ɗaya da makulli nata na kanta. Duk duniya ba abin da Yaya ke so kamar ɗakin nan, kuma ba abin da take tsoro kamar ranar da za a ce ta fita daga cikinsa.

Ita Auta take ce masa, sauran jama'a kuwa Injiniya. Ba ta cika wata ɗaya a gidan ba ya ja ta gefe ya ce in da mutane a wurin, ita ma ta riƙa cewa Injiniya. Ta ce to.

A jikin bangon ɗakinta, ta ɓangaren falo, ya kafa abin da ya fi ƙauna a gidan, har da mutanen ciki. Tankin gilashi ne mai tsawon gado, cike da ruwan teku na haɗi, wato tataccen ruwa da gishirin da ake sayowa a buhu. Akwai kifaye rawaya da shuɗaye da masu ratsin ja da fari. Amma ba su ne abin alfaharin ba, murjani ne. Yaya a wuyan mata ta san murjani. A gidan nan ta fara ganin mai rai, manne da duwatsu, wani da rassa, wani kamar laima, yana buɗewa in an kunna masa fitila, yana tsukewa in ransa ya ɓaci. Ƙarar injin tankin kuwa ta cikin bangonta take ratsowa, har ta saba, in ta ɗauke sai ta ji kamar an yi rashi.

Aikinta ɗaya ne. Kullum ruwan kan ragu ya sauka ƙasa da wani baƙin tef da aka manna a gilashin, ita kuma ta cika shi da ƙaramin bokiti. Duro biyu ne a lungun bayan kicin. Shuɗin na tataccen ruwa ne zalla, daga shi take ɗiba. Farin na haɗin gishiri ne, Injiniya kaɗai ke taɓa shi ranar canjin ruwa. Bai taɓa gaya mata dalili ba, ita ma ba ta buƙata. Duk wadda ta taɓa barin miya a kan wuta ta san ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, kuma ba a gyara ta da ƙarin gishiri.

Shekara tara tana wannan aiki. Ta san kifin da ke cin zalin 'yan'uwansa, ta san wani ɗan rawaya mai kunya da ba ya fitowa cin abinci sai in ita ce tsaye. Sau ɗaya ta yi gaban kanta. Wata rana da aka yi zafi ta ga murjanin ya tsuke, ta taɓa gilashin ta ji ɗumi, sai ta kashe fitilun ta juyo da fanka. Injiniya ya shigo da baƙi uku da ya kawo musamman su ga tanki, ya tarar da shi duhu. A gabansu ya wanke ta tas.

"Yaya, ba don ki yi tunani na kawo ki gidan nan ba. Abin da na ce shi za ki yi. Ranar da kika sake yi mini wayo a kan tankin nan, ki haɗa kayanki."

Baƙin suka sunkuyar da kai suna duba wayoyinsu. Murjanin ya warware kafin la'asar, amma ba wanda ya ce mata sannu. Ita dai maganar haɗa kaya ta riƙe.

Bana aka tura shi aiki na mako shida. Ranar tafiya ta hango shi a lungu, waya maƙale a kunne yana faɗa da wani, yana juye buhun gishiri a duro ko kallon duron bai yi ba. Da zai shiga mota ya ɗaga mata yatsa ya ce, "Shuɗi. Bokiti ɗaya, zuwa tef."

Washegari ta ɗebo ruwan, ɗan kaɗan ya fantsamo mata a leɓe. Gishiri. Ta buɗe farin duro ta ɗanɗana, ta ji ruwa zalla. Ta kira shi a waya.

"Auta, ruwan shuɗin nan fa da gishiri. Ina ga ka..."

"Ina cikin taro, Yaya. Wane launi na ce miki?"

"Shuɗi. Amma na sa a baki na ji."

"Yanzu har harshenki ya zama ma'auni? Shuɗi na ce!"

Ya kashe. Ma'aunin gishirin na gaske yana cikin durowarsa a kulle. Ta je wajen matarsa, wadda ta daɗe da tsanar tankin da duk abin da ya shafe shi. Matar ba ta ko ɗago daga yanke farcenta ba ta ce, "Yaya, don Allah kada ki sa ni a ciki. Ke da ƙaninki ne."

Ta koma lungu ta tsaya tsakanin duro biyu da bokiti a hannu. Ta san daidai, sarai ta sani. Amma ranar fanka ma ta san daidai. In ta ɗebi fari, ya dawo ya ga shuɗi cike, ta yi masa wayo ke nan. Ta tuna tagarta da makullinta. Ta ɗebi shuɗi.

Haka ta yi ta yi kullum da safe, da hannunta, tana zubawa tana ba kifayen haƙuri. Mako na biyu murjanin ya daina buɗewa. Ta sake kira, ya ce in ta ƙara damunsa da maganar ruwa zai toshe lambarta. Mako na huɗu naman ya fara saɓulewa daga rassan, ya bar su fari fat. Falon ya ɗauki ƙarni. Ɗan rawayan nata ya daina fitowa, sai da safiyar wata Talata ta same shi manne a bakin bututu, ta cire shi da cokali ta binne a tukunyar fulawa. Ta yi kuka sosai, sannan ta je ta cika ruwan zuwa tef.

Da Injiniya ya dawo ko takalmi bai cire ba. Ya tsaya gaban tankin ya daɗe, ya ɗauko ma'auninsa ya ɗiga ruwa ya duba.

"Daga farin duro kika yi ta ɗiba."

"Wallahi shuɗi ne, Auta. Sau biyu na kira ka."

"Ƙarya kike yi! Shekara tara, launi biyu kacal, kin kasa bambancewa. Ko da ma gishirin kika ji, ke ba ki da hankalin da za ki tsaya? Kan nan ado ne?"

Da ta yi tunani laifi ne, da ta ƙi yi ma laifi ne, kuma baki ɗaya ne ya yanke hukuncin biyun. Kafin magariba ya kira 'yar gwaggonsu kan Yaya ta koma gidanta, aka ce akwai katifa a ɗakin yara. Dangi suka ce ai Injiniya ya yi haƙuri, tsufa ne ya kama ta. Ɗakinta kuma ya ce da ma ya daɗe yana son wurin da zai mayar da injin da durorin.

Ranar Asabar da hantsi ta fito da jakarta da tsohon keken ɗinkinta, direba ya karɓi keken. Da ta zo wucewa ta lungu sai ta ga Injiniya a tsaye shi kaɗai. Ya buɗe farin duro, ga shi cike har baki. Ya sunkuya cikin shuɗin, ya dangwalo ɗan ruwan da ya rage a ƙasa, ya kai yatsa bakinsa. Ta ga fuskarsa ta yamutse. Ya ɗago, suka haɗa ido.

Yaya ta ajiye jakarta a ƙasa. Tun bai buɗe baki ba ta riga ta yafe masa, har ta shirya abin da za ta ce don kada ya ji kunya. Ya tofar, ya goge yatsan a wando, ya mayar da murfin ya danne.

"Makullin ɗakin fa? Masu aiki za su zo da azahar."

Ta kwance shi daga bakin gyalenta ta miƙa masa. Direba ya dawo ɗaukar jaka yana tsaye a bayanta, don haka ta ce, "Ga shi, Injiniya."