Layin Baba a Tashar Gaya

Kano zuwa Wudil

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, na tayar da mota daga Hotoro. Ni direban motar waya ne, irin wadda fasinja ke kira ta manhaja, mu da har yau ake musu a rediyo ko a halatta mu ko a hana. Musun rediyo bai dame ni ba, na gidanmu ne ya hana ni sakat. Babana shekara talatin yana jan mota a tashar Gaya. Ranar da na fara wannan aiki ya ce direban da ba shi da layi a tasha ɓarawon fasinja ne, kuma tun daga nan ko murfin motata bai taɓa ba. Wallahi maganar tana ci na.

Inna ce ta kira ni. Injin motar Baba ya buga, kwana biyu layinsa na zuwa ana tsallake shi. A ƙa'idarsu, in aka tsallake mutum sau uku sai a goge sunansa daga allo, ya koma ƙarshe kamar baƙo. Ta ce kada in kuskura in ce ita ta faɗa.

Shida da kwata na iso shingen gadar Wudil. Jami'in ya leƙo ya tambaya ko haya ce ko ta gida, na ce yau dai ta gida ce. Na sha koko da ƙosan ɗari biyar a tsaye, na wuce.

Gaya

Bakwai saura na shiga tasha. Abokan Baba suka yi mini caa, wai ga mai ɗaukar fasinja da ɗan yatsa, wani har yana tambaya ko wayar ce ke canja giya. Na durƙusa na gaida Baba a kan bencinsa. Ya amsa a taƙaice, ya tambayi hanya, bai tambayi abin da ya kawo ni ba.

Bakwai da rabi shugaban tasha ya dubi allo ya kira layin Ajingi, sunan Baba. Tsumman gogewa na hannunsa, kuma da gani ba ya son amfani da shi. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya miƙe ya nuna motata.

"Ga motata nan."

Wani ya fara gunaguni cewa ai ta waya ce. Shugaba ya ce layi na mutum ne, ba na ƙarfe ba. Ni kuwa sai na sunkuya ina duba tayar da lafiyarta ƙalau, don kada a ga idona.

Ajingi

Takwas saura kwata muka tashi, Baba a gaba, uku a baya, buhun gero a but. Ya yi mitar cewa motar za ta ɗauki shida, na ce ba haka muke yi ba, ya ce shi ya sa ba ku da albarka. Ba mu yi nisa ba sabis ya ɗauke, taswirar ta daskare. Baba ya yi dariyar da na shekara biyu ban ji ba. Shi ya zama taswira: kauce wa ramin nan, tsaya gindin tsamiya, a nan Malam ke sauka. Bai tambayi kowa inda za shi ba, duk ya sani.

Minti arba'in muka isa. Wata tsohuwa da ta sha sanyin mota ta ce wata mai zuwa za ta asibiti a Kano, ina za ta same ni? Na dubi Baba, don ba a ɗauke wa tasha fasinja a gaban mai layi. Baba ya zungure ni.

"Ba ta layinka mana. Hajiya, ɗana ne, yana da layi."

Komawa

Sawu uku muka yi ranar. Na kwana a gida, Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka tana ta yi kamar ba ta san komai ba. Washegari na kai injin wurin makaniki, na kamo hanya bayan azahar, huɗu daidai ina Hotoro.

Godiya ga Allah, ga Inna mai tsegumin alheri, da shugaban tasha da bai goge allo ba. Ina kashe mota waya ta yi ƙara. Baba ne, wai tambaya yake ko na sauka lafiya.