Kwanon da Ke Tsakanina da Ba'indiya

A shekarar da Ba'indiyar nan ta tare a gidan da ke jikin namu a Maamobi, ni a ganina duk Zongo babu wanda ya kai ni sanin Indiya. Tun ina yarinya nake kallon finafinansu. Na san yadda ake naɗa sari, na san in ruwan sama ya sauko to rawa za a yi, har waƙoƙinsu nakan rera a kan keken ɗinkina ba tare da na san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Don haka da aka ce Ba'indiyen nan mai aiki a kantin yadi a kasuwar Tudu ya kawo matarsa, sai na ji kamar wata 'yar'uwata ce ta dawo daga tafiya.

Da farko ta ba ni kunya, domin babu rawa babu waƙa. Wata 'yar siririya ce mai tabarau da ɗigon ja a goshi, kullum tana shanya ko tana ban ruwan wani ɗan tsiro a gwangwani. Mijinta yakan fita tun da safe, ita kuwa ta wuni ita kaɗai tana kallon masu wucewa ta taga.

Da azumi ya kama, na yi abin da muka saba: na zuba ƙosai da pinkaso a kwanona na silba, mai murfi, wanda ya ɗan loɓa a gefe tun ranar da ya faɗo daga kan kantar kicin, na miƙa mata ta kan katanga. Washegari sai ga kwanon ya dawo da nauyi. Na buɗe na ga wani abin zaƙi mai ƙamshin madara. Na ce mata ai ba sai ta wahala ba. Cikin Turancinta da nawa, da taimakon hannu, ta fahimtar da ni cewa a wurinsu abin kunya ne a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Na ce to, ai kuwa kin gamu da daidai ke.

Daga nan kwano bai sake hutawa ba. In na aika mata da masa, ya dawo da wainar fulawa mai faɗi da miyar wake. In na aika fura, ya dawo da shinkafa rawaya. Ta fara kirana Didi, ta ce yaya ke nan a bakinsu, ni kuma na daina ce mata Madam. Da rana takan shigo ta zauna kusa da kekena tana tsinke min zare, muna hira rabi da baki rabi da hannu.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Wata biyu ana wannan kai-kawo, ban taɓa cin karo da ko ƙashi a abincinta ba. Na juya cokali, na tona ƙasan kwano, babu. Ni kuwa da basirata nan take na gano bakin zaren: mijinta marowaci ne. Har na riƙa amsa gaisuwarsa ciki-ciki, bawan Allah bai san laifinsa ba.

Sai Babbar Sallah ta matso. A shekarar maigidana da 'yan'uwansa sun haɗu sun sayi sa, aka ɗaure shi a ƙofar gida kwana uku. Kowace safiya sai in ga ƙawata ta fito da ɓawon ayaba da ganye tana ba shi, tana shafa masa goshi, tana yi masa magana a hankali. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, dubi yadda take kallonsa, yi haƙuri, saura kwana biyu.

Ranar Sallah tagoginta duk a rufe, na ce ƙila hayaniya ce ba ta so. Da aka gama fiɗa, kafin ma a fitar da kason surukata, na zaɓi tsoka mai kyau da hanta, na cika kwanon nan har murfi na ɗagawa, na je na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, na ɗaga murfin da kaina don ta gani. Ta yi tsaye kamar an dasa ta. Can ta naɗe hannuwanta da gefen mayafinta ta karɓa, idonta ya cika da hawaye. Na dawo gida ina cewa maigida, "Ka gani? Har kuka ta yi don murna."

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar, kwano bai dawo ba, ita ma ba ta shigo ba. A rana ta shida ƙanwata, wadda ke sayar da atamfa a Tudu kuma ta saba da Indiyawa, ta zo yawon Sallah. Na ba ta labari ina jiran yabo. Ta ajiye naman da ke hannunta.

"Ei, Yaya! Naman sa kika kai ma shi? Matan nan ba shi cin nama, ko ƙwai ba shi ci! Saniya kuwa kaman uwa ne a wurinsu. Duk sinima da kika kalla, ba ki gani ba?"

Ban gani ba. Ni rawa nake kallo. Nan na tuna yadda take shafa goshin san nan. Ba kwanon ne ya dame ni ba. Tsoro nake kada matar da ba ta da kowa a garin nan sai ni ta ɗauka da gangan na yi. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarta ina juyowa, ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa.

A rana ta takwas ina kan keke sai na ji an ce, "Didi." Tana tsaye da kwano a hannu biyu. Na karɓa, yatsana ya tafi neman loɓar nan bai same ta ba. Sabo ne fil, irinsa sak.

Kafin in buɗe baki ita ta fara ba ni haƙuri. Ta ce ba ta iya shiga da naman kicin ɗinta ba, ba ta iya zubarwa ba tunda kyautata ce, kuma ba ta iya mayar min ba. Sai ta rufe shi da ƙyalle ta hau mota har Tudu, ta miƙa wa matan nan 'yan Arewa masu dako, da naman da kwanon duka. Daga nan ta shiga neman irinsa, daga Nima har Circle, sai jiya ta samu. Kwanakin nan duk kunyata take ji, wai ta ɓatar min da kwano.

Na ce, "Ke, ni da na yanka miki abokinki?" Ta yi dariya tana share ido, ni ma haka. A cikin kwanon akwai abin zaƙin nan na ranar farko.

Shekara huɗu muka yi bayan haka. Na sayi tukunya ta musamman wadda nama bai taɓa gani ba, na koyi yin shito, soyayyen yajin nan namu, babu kifi, abin da surukata ta ce ɓata barkono ne kawai. Kowace Babbar Sallah a bayan gidanmu ake ɗaure dabba, kuma kasonta nake fara dafawa tun kafin a tafi Idi: waakye, wato shinkafa da wake, da soyayyar ayaba. Mijinta ma na dawo ina amsa masa gaisuwa da fara'a, har yau bai san abin da ya faru ba.

Da aka mayar da mijin nata Indiya, ranar tafiyarsu ta miƙo min kwanon ta kan katanga, mota na jira. Na ce ta tafi da shi. Ta ce a'a, ai daga hannunta ya fito yanzu, saura ni. A ciki ta saka ɗan tsironta, da ƙasarsa da komai.

Tsiron ya yi girma, na mayar da shi bokiti. Kwanon na wanke shi na kife a kan kantar kicin, kuma na hana kowa zuba nama a ciki. Ina kewarta ƙwarai. In an tambaye ni na wane ne, sai in ce na maƙwabciyata ne, ban mayar mata ba tukuna.