Baffa Mai Faci da Waɗanda Aka Bari a Tsallaken Kogi

Baffa yayan babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A bakin tashar mota yake da rumfar faci, da injin iska mai tari kafin ya tashi, da rabin duro na ruwa inda yake nutsa robar cikin taya ya ga ta inda take huci. Direbobi na son sa saboda barkwanci. In aka kawo masa tayar da ta sha duniya, sai ya juya ta ya ce, "Wannan ai sa'ata ce, ku bari mu gaisa tukuna."

A gida kuwa wani mutum ne daban. Ɗakinsa na kallon na Baba, tare suke cin abinci, amma ban taɓa jin hirarsu ta wuce "an tashi lafiya" ba. Ina ƙarama na ɗauka haka 'yan'uwa maza suke. Sai da Baba ya tsufa, hankalinsa ya fara gushewa, na san dalili.

Kullum da yamma Baba zai ƙulle rigarsa da takalmansa a zani, ya fita ƙofar gida ya zauna, idonsa a kan titi. In na ce ya shigo sai ya ce, "A'a, Yaya ya ce kada in gusa." Da abin ya ishe ni, na tafi rumfar Baffa na tambaye shi. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya jawo mini benci.

Kafin faci, Baffa matuƙin kwale-kwale ne a ƙauyensu na bakin kogi. Suna samari aka yi wani gajeren yaƙi a kan iyaka, wanda ko a makaranta ba a koya mana shi ba. Sojoji suka zo suka ɗebi matasan ƙauyen don dako. Ba a ba su kaki ba, balle bindiga. Baba ya ɗauki akwatin harsashi a ka ya bi su tsallake, Baffa kuma aka bar shi da jirginsa yana kai mutane da kaya.

Da yaƙin ya juya, aka ba da umarnin janyewa. Damina ce, kogi ya cika ya batse. Tun safe Baffa ke tsallako da su: masu rauni da farko, sai makamai, sai sojoji. 'Yan dako aka ce su jira. Duk zuwan da zai yi, zai tarar da Baba cikin ruwa har gwiwa yana loda masa kaya. Da aka zo kwasar ragowar sojoji, Baba ya riƙe gefen jirgin ya ce, "Yaya, akwai ɗan wuri a gefenka." Wani sajen soja ya ce babu. Baffa ya ce masa, "Koma gindin bishiyar can ka zauna, kada ka gusa. Yanzu zan dawo."

Yana sauke su, hafsan da ke jagorantarsu ya sa aka tuttula wa jirgin fetur, don kada abokan gaba su biyo su da shi. Baffa ya rungume goshin jirgin yana roƙo, yana cewa ƙanensa na can. Da gindin bindiga aka ɓamɓare shi, a nan ya bar haƙoransa na gaba. Ko da ya farfaɗo, jirgin ya zama gawayi. Ya ce yana hango 'yan dakon a tsallake kamar tururuwa, wasu na ɗaga hannu, ɗaya kuma na zaune a gindin bishiya.

Abokan gaba suka kama duk waɗanda aka bari a tsallake. Da aka yi sulhu, sojoji aka yi musaya da sojoji, 'yan dako kuwa ba wanda ya tambaye su. Baba ya yi shekaru yana fasa dutse a wani sansani kafin a gaji da ciyar da su a kore su. Ya dawo a ƙafa, kunnensa ɗaya ya mutu. Lokacin Baffa ya riga ya bar kogi ya koma birni. Shi ya ba Baba ɗaki, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Ranar da Baba ya dawo, Baffa ya buɗe baki zai yi bayani, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ya wuce, Yaya."

"Da zagina ya yi da na huta," in ji Baffa. "Bai taɓa bari na gaya masa an ƙone jirgin ba. Yanzu ina gaya masa, amma ba wanda zai karɓi maganar."

Daga ranar Baffa ya riƙa rufe rumfa da wuri, ko da layin motoci ne a gabansa. Zai zo ya tsuguna gaban Baba da ƙyar, saboda gwiwa. Baba zai dube shi ya ce, "Malam, ko ka ga yayana a hanya? Dogo ne, mai jirgi."

"Ni ne. Na zo, tashi mu tafi."

Baba zai ƙare masa kallo ya girgiza kai. "Kai tsoho ne. Amma Allah ya saka maka." Sai ya ba shi hannu su shigo tare. Gobe ma haka.

Wata rana muna falo ana labarai, aka nuno wata rundunar ƙasashen waje tana janyewa daga inda ta yi yaƙi. Jirage na tashi, jama'a sun cika bakin ƙofar filin jirgi. Baffa ya matso kusa da talabijin.

"Waɗannan na bayan shingen waya su wane ne?"

"Direbobinsu ne, Baffa, da masu dafa musu abinci, da tafintoci."

Ya yi ta kallo har aka wuce zuwa labarin ƙwallo. Sannan ya ce, "Ni na ɗauka don mu ba mu yi karatu ba ne aka yi mana haka." Ya tashi ya shiga ɗaki, ranar bai ci abinci ba.

Baba ya rasu bayan 'yar gajeruwar jinya. Da mutane suka watse, Baffa ya kira ni ɗakinsa. Ya ce, "Ke kin fi kowa zama da shi. Tun yana da hankalinsa, ya taɓa yi miki maganata? Ko ta kirki ko ta tsiya."

Na so in ƙirƙiro masa wani abu, amma Baffa ba mutumin da ake yi wa haka ba ne. Na ce, "Bai taɓa ba, Baffa."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To." Sannan ya ce in jawo masa ƙofa in zan fita.