Malam Madu Mai Jar Tawada da Fallen da Ya Ɓata

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Madu ɗan Kallamu a shekara ta 1238 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1822 Miladiyya, a ƙauyen Rijiyar Goni da ke arewa da Zakirai, cikin ƙasar Kano. Mahaifinsa Kallamu Babarbare ne wanda kakanninsa suka zo daga gabas da fataucin kanwa, suka ga ƙasa ta karɓe su, suka sauke kaya suka kama noma. Mahaifiyarsa Amsa ita ma daga zuriyar nan ta fito. Ƙauye ne da gona ke manne da gona, babu daji tsakaninsa da maƙwabtansa, kowace kunya da kowace ɗorawa an san mai ita, saboda haka babu abin da ke tayar da hankalin mutanensa kamar rabon gado.

Neman Ilmi

Yana da shekara bakwai aka kai shi zauren Malam Jaji, limamin ƙauyen, wanda shi ne mai karantarwa, shi ne kuma mai raba gado. A hannunsa ya sauke Alƙur'ani, ya fara fiƙihu, tare da Basiru babban ɗan malamin, wanda suka taso kamar wa da ƙane. A shekara ta 1256 ya shiga birnin Kano, ya zauna shekara bakwai yana karatun nahawu da sarfu da lugga. A can ne ya ga abin da bai taɓa gani a gida ba, wato muƙabala: idan ɗalibi ya gama kwafar littafi, sai a zaunar da mutum biyu fuska da fuska, ɗaya yana karanta asali da ƙarfi, ɗaya yana bin sabon kwafi da yatsa, duk inda suka saɓa a tsaya a gyara.

A ƙauyensu kuwa al'ada ita ce littafin malami ba a gwada shi da na kowa, ba a kuma ɗora masa alƙalami. Yadda aka same shi haka ake kwafe shi, don kada albarka ta gudu. Wannan ne suke kira ladabi, alhali lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Aure da Karantarwa

Ya komo gida a shekara ta 1263, kuma a shekarar da ta biyo baya Malam Jaji ya aura masa 'yarsa Fanna, ya ba shi gefe guda na zaure ya karantar da nahawu. Da Malam Jaji ya rasu a shekara ta 1270, sai Basiru ya gaji limanci da rabon gado, Malam Madu kuma ya gaji buzun karantarwa.

Karantarwarsa mai tsanani ce. Ba ya barin ɗalibi ya wuce layi sai ya faɗi dalilin kowane wasali, sai ya nuna inda magana ta tsaya da inda ta ɗauko, sai ya sa alamar tsayawa a muhallinta. Kullum akwai ƙoƙon jar tawada kusa da gwiwarsa, da ita yake yin gyara a gefen takarda, har yara suka laƙaba masa Mai Jar Tawada, laƙabin ya bi shi. Ya kafa doka cewa ba mai fita da littafi daga zaurensa sai an yi masa muƙabala. Iyaye suka yi ta gunaguni, domin yaron da ya kamata a yi masa walima ya koma gona kafin shuka sai ya ƙara wata biyu yana bin layi da yatsa. Malam bai sassauta ba.

Fallen da Ya Ɓata

A shekara ta 1281 ya aro wani littafin fiƙihu daga birni domin a gwada shi da kwafin ɗalibansa, waɗanda dukansu daga littafin marigayi Malam Jaji aka kwafe su. Ana cikin babin gado, mai karanta littafin birni ya ci gaba da karatu, mai bi da yatsa ya tsaya yana dube-dube, domin abin da ake karantawa babu shi a gabansa. Falle guda cur ya ɓace. Malam Madu ya tattaro duk kwafin da ke ƙauyen, ya tarar kowanne ya yi tsalle a wuri ɗaya.

Littattafan wancan zamani ba ɗinke su ake yi ba, fallaye ne a jere cikin gafakar fata. Fanna ce ta gaya masa cewa a daminar da rufin ɗakin mahaifinta ya rufta, ita da mahaifiyarta ne suka tsinto takardun daga cikin ruwa suka shanya su a tabarma. Malam Jaji a lokacin idonsa ya yi rauni, da ka yake karantarwa, da ka yake hukunci, bai kuwa taɓa kuskure ba. Amma bayan rasuwarsa da littafin ake hukunci. Fallen da ya ɓata shi ne mai bayanin kason waɗanda suka haɗa uwa da mamaci amma ba su haɗa uba ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana raba gonaki ba a ba irin waɗannan ko taƙi ɗaya.

Malam Madu ya sami Liman Basiru shi kaɗai ya ce masa, "Liman, falle guda babu a littafin Baba."

Liman ya ce, "Madu, kai da aka raina a zauren nan da tuwon gidan nan, yau kai ne za ka gyara wa Baba littafi?"

"Ba Baba nake gyara wa ba. Ruwan sama nake gyara wa."

"To ka gyara wa ruwan saman. Gonakin da aka riga aka raba fa? Ranar da maganar nan ta fita, fartanya za ta koma makami, kuma kan ni da kai za ta fara sauka."

Malam Madu ya san gaskiya Liman ya faɗa, ya kuma san zaurensa ne abin da za a fara ƙwacewa. Ya ɓoye maganar wata guda, yana karantarwa ba ya jin daɗin bakinsa. Ana nan sai wata gwauruwa mai suna Hure ta zo ta durƙusa a ƙofar zaure. Ɗan'uwanta da suka haɗa uwa ya rasu ba ɗa ba uba, an ba dangin ubansa gonar duka, ita ko an ce ba ta da komai. Ta ce, "Malam, ni ba rigima na zo yi ba. Ka duba mini kawai, in babu in haƙura." Ya ce mata akwai, sudusi ne, wato kashi ɗaya cikin shida. Ɗalibai suna zaune suna ji.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta cika ƙauye. Waɗanda ke riƙe da gonaki suka janye 'ya'yansu daga makaranta, wasu suka daina amsa masa sallama, aka wayi gari an tuge masa shingen gona. Dattawa suka taru a ƙofar masallaci suka ajiye masa zaɓi biyu: ko ya tashi a gaban jama'a ya ce littafin Malam Jaji cikakke ne, ko ya sauka daga buzu. Cikinsu akwai waɗanda suka iya karatu sarai, aka miƙa musu littafin birni su duba, babu wanda ya miƙo hannu. Fanna ta aika wa wanta cewa, "Yaya, ni na tsamo takardun nan daga ruwa, ba labari aka ba ni ba." Liman ya mayar da amsa cewa ta tuna ko 'yar waye ita.

Malam Madu ya ce ba zai iya faɗin abin da ya san ba haka yake ba. Ya naɗe buzunsa.

Ƙaura zuwa Bacirawa

A farkon daminar 1282 ya bar Rijiyar Goni da iyalinsa, ya bar geronsa ya tsiro a gona, ya sauka a Bacirawa kusa da birni, inda wani manomi ya ba shi aron fili da rumfa. Ɗalibai huɗu ne kacal suka biyo shi. Shekarun farko sun yi tsanani, har sai da ya riƙa kwafar littattafai yana sayarwa don a ci abinci, amma ko waɗannan ba ya sakinsu sai Fanna ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya zauna sun yi muƙabala, domin a Bacirawa ya koya wa matarsa da 'ya'yansa mata karatu. Sannu a hankali zaurensa ya cika, ɗalibai suna zuwa daga Rijiyar Zaki da ƙauyukan kewaye. Hure kuwa ta rasu ba ta taka gonar nan da sunan tata ba, kuma ba a ji wani malami a yankin ya buɗe baki ba.

Duk da haka zuciyarsa ba ta bar gida ba. Waɗanda suka zauna da shi sun ce duk baƙon da ya zo daga wajen Zakirai sai ya tsare shi da tambaya, wa ya rasu, wa ya haihu, wa ke karantar da yara.

A shekara ta 1299 Liman Basiru ya rasu bai bar ɗa mai ilmi ba. Dattawan Rijiyar Goni suka aiko jakadu su roƙi Malam Madu ya komo ya karɓi limanci da buzu gaba ɗaya, kuma a wannan karon ba su nemi ya ƙaryata kansa ba, abin da suka nema kawai shi ne kada ya ta da maganar falle. Ya tsufa, kabarin iyayensa yana can, zauren da ya yi shekara goma sha bakwai yana begensa ga shi an miƙo masa. Ya tambaye su, idan wata Hure ta zo ta durƙusa, me zai ce mata. Ya ce su gaida gida.

Ba su koma hannu wofi ba. Suka juya ga babban ɗansa Uwaisu, wanda jikan Malam Jaji ne ta wajen uwa, wanda kuma duk cikin ɗaliban mahaifinsa babu mai kaifinsa a nahawu. Uwaisu ya ce wa mahaifinsa, "Baba, in na zauna suka saba da ni, a hankali zan mayar da fallen." Malam ya ce, "Hure ma a hankali aka ce mata." Bai hana shi ba, bai kuma raka shi ba.

Rasuwa

Malam Madu ya ci gaba da karantarwa har idonsa ya dushe, ya koma sauraro: ɗalibai biyu suna muƙabala a gabansa, shi yana tsayar da su da sanda. Uwaisu yakan aiko da hatsi kowace kaka, kuma duk lokacin tambaya ɗaya Malam yake yi wa ɗan aike, ko an mayar da fallen. Ɗan aike yakan ce ana nan ana shiri.

Malam Madu ya rasu ranar Laraba cikin watan Rajab na shekara ta 1306, daidai da 1889 Miladiyya, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da takwas. Aka yi masa sallah bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Bacirawa, ba a garin haihuwarsa ba. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa.

Ya rasu ya bar matarsa Fanna da 'ya'ya huɗu: Muhammadu Sani, wanda ya riƙe gona da zauren Bacirawa, Furera, wadda ta karantar da matan aure a cikin gida har tsufanta, Asiya, wadda ta yi aure a Rijiyar Zaki, da babbansu Uwaisu, limamin Rijiyar Goni, wanda ya san fallen nan da ka tun yana yaro, ya shekara ashirin da shida yana raba gado a ƙauyen, ya kuma rasu bai mayar da shi ba.