Rantsuwa a Cikin Wasan Waya

A tashar Birnin Kebbi muke, muna jiran motar Argungu ta cika. Kusa da ni akwai wani mutum mai farin kaftani, ya duƙufa kan wayarsa. Tawadar da ke yatsunsa ta sa nake zaton malamin makarantar allo ne. Wasan nan yake yi wanda abokai ke haɗuwa su gano maci amanar da ke cikinsu, kuma yau shi ne maci amanar. Ina leƙe ya rubuta, "Wallahi ba ni na ba." Nan take suka yarda, suka kori wani Ikrima.

Ya ci wasa, amma fuskarsa babu walwala. Ya kife wayar a cinya, ya sake ɗauka, ya kira.

"Ikrima, ka yahe mani, ni na. Wasan jera lambobi ya hi mani, can ko na kuskure kaina kaɗai nic cuta." Ya ɗan saurara. "Dariya kakai? Don sun san ban rantsuwa bisa ƙarya sunka kore ka. Irin wagga rantsuwa ko kaffara ba ta da, sai tuba."

Direba yana ta kiran fasinjoji, shi kuwa ko motsi bai yi ba.