Duniyar da Ilisha Bai Noma Ba

Ilisha mai dafa mazarƙwaila ne a Taba. Da rani yana fadama tsakanin rake da hayaƙi, da damina kuma yana gonar dawa. A zamanin soja, lokacin da fetur ya yi wuya har motoci suka rage shigowa ƙauye, ƙanensa Julius ya zo hutu daga bariki da wata na'urar wasa da ake jonawa da talabijin, da kaset ɗaya tal. Da zai koma ya bar masa ita.

Gidan ba lantarki. Ilisha kan ɗaure batirin mota a keke ya kai caji Kudan, ya dawo ya jona ƙaramar talabijin ɗinsa marar kala. Bayan an taso coci, ko ranar da ruwa ya hana fita gona, sai ya baje tabarma ya shiga wasan.

Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta bushe, suka hau jirgi suna ratsa taurari neman wurin zama. A wasan Ilisha ne shugabansu, shi ke zaɓar inda za a sauka da wanda za a amince wa. Turancin ya fi ƙarfinsa, don haka matarsa Paulina ke karanta masa tana ɓarar gyaɗa. A cikin jirgin akwai wani mutum-mutumin ƙarfe mai jinyar masu rauni. Ilisha ya raɗa masa Bobbo, sunan wani Bafulatani da suka yi yawon kiwo tare suna yara.

Wasan ya riƙa bin sa har gona. Yana cikin noma hadari zai taso daga gabas, sai ya tsaya riƙe da fartanya yana kallo, kamar ta tagar jirgin yake leƙe. Tunda talabijin ɗin ba ta nuna launi, shi ya riƙa ba kowace duniya nata: wannan ja ce, waccan kalar ganyen rake.

Dab da girbi, Ilisha ya kai ƙarshen wasan. A ƙofar ƙarshe dole wani ya tsaya ya riƙe ta sauran su wuce, kuma wannan karon ba a tambaye shi ba. Bobbo ya tsaya. Jirgin ya sauka gefen wani kogi mai faɗi, kiɗa ya tashi, sunayen waɗanda suka haɗa wasan suka yi ta hawa sama a talabijin.

"Shi ke nan, maigida?" in ji Paulina.

"Wai shi ke nan. Ƙasa mai kyau haka, ko iri ba su bari na zuba ba."

Ya daɗe yana ba maƙwabcinsa Mamuda labarin a wajen matsar rake. Yakan ce tafiyar ta yi daɗi, kiɗan ma har yanzu yana kunnensa, amma faɗan ya yi yawa, dodo ɗaya ne ake ta sauya masa kaya. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne an bar shi yana zaɓi tun farko, sai a wurin da ya fi so ya zaɓa aka ƙwace.

Da Kirsimeti Julius ya zo da sabon kaset. Ilisha ya juya shi a hannu, ya tambaya ko a wannan ana zama bayan an sauka. Julius ya ce tseren motoci ne. Ilisha ya yi godiya, ya ce wa Julius ya tafi da shi ya kai wa 'ya'yansa har da na'urar, sannan ya tashi ya tafi duba wutar tukunya.