Ɗaya Bisa Shida a Ƙofar Gidanmu

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar mijina, Malam Nura, amma in na rufe ido, yadda na fara ganinsa nake ganinsa: a durƙushe a ƙofar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, da alli a hannu, ni kuma ina leƙensa ta labulen zaure.

Lokacin ana shirin zaɓen da zai mayar da soja bariki. Babana direba ne, hatsari ya shanye masa ƙafafu, yana kan keken guragu. Ga shi an ɗaga dakalin ƙofarmu ƙafa biyu saboda ruwan kwata. Yayyena suka ce za su ciccibe shi zuwa rumfar zaɓe.

Ya ce, "Ni ba buhun gero ba ne. In ba da kaina zan fita ba, ku bar ni a ɗaki."

Suka jingina katako mai tsawon ƙafa huɗu a dakalin don ya gangara ta kai. Malam Nura, maƙwabcinmu mai koyar da lissafi a Tarauni, ya hana. Ya rubuta biyu bisa huɗu a ƙasa, wato tsayin dakali bisa tsawon katako, ya buɗe jadawalin sayin, wanda ake gano kusurwa da shi a littafin lissafi. Yawanci da kusurwa ake shiga jadawalin a fito da lamba. Shi da lamba ya shiga, ya fito da kusurwa.

"Digiri talatin. Baba, wannan gangara ai sai dai mu tsamo ka a kwata."

Baba ya ce, "To, sarkin lissafi, nawa ne na mutunci?"

Aka aro katako mai ƙafa goma sha biyu: ɗaya bisa shida, digiri goma saura kaɗan. Baba ya gangara shi kaɗai, yana amsa gaisuwa.

Ni da na ƙoshi da littattafan soyayya, mai mota da ƙamshin turare nake jira. Har yau ina mamakin yadda zuciyata ta faɗa wa mai lissafi a ƙasa. Ina kuma son sanin me zai ce yanzu da yara ke danna waya kusurwa ta fito, amma gangaren wasu manyan gine-gine kamar hawan Dala. Zai yi faɗa ne, ko zai durƙusa ya auna? Ina jin durƙusawa zai yi.

Baba kuwa, da muka zaci ya gama da duniya, bai ƙara wuni a ɗaki ba. Ya riski jikoki, ya rayu bayan surukin nasa. Ranar jana'izar Malam Nura, samari suka miƙa hannu za su tura shi. Ya girgiza kai, ya tuƙa kekensa da kansa har sahun gaba.